ArcGIS ko QGIS, kile ko Drive: wanne ya fi ma ɗalibi a Maradi?

Ƙannena masu karatun zanen gine-gine da tsarin gari, ko kuna jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko wata makarantar, kafin ku zuba kuɗi a kayan aikin taswira ku tsaya mu yi lissafi tukuna, don wani abun da kuke shirin saye wallahi kyauta yake.

Mu fara da lojisiyel ɗin zana taswira a kwamfuta. ArcGIS na kamfanin Esri ne na Amurka, yana da kyau ba musu, amma lasisinshi na kuɗi ne, kuma ArcGIS Pro a Windows kawai yake aiki sannan yana son kwamfuta mai ƙarfi, irin 'yar tsohuwar da yawancinku ke riƙe da ita sai ta riƙa nishi. Na bayan fage da ake tura ma juna kuwa ban ba ku shawara ba, sau da yawa da birus yake zuwa. QGIS shi kyauta ne tun 2002, akwai shi da Faransanci, ba ya neman rezo in ka riga ka sa shi, kuma duk aikin da malami zai ba ku a aji zai yi shi. Ku ɗauki wanda aka rubuta ma LTR, wato fitowar da ake daɗewa ana kula da gyaranta, ya fi zama lafiya. In makaranta ta biya muku ArcGIS to ku koya, amma daga aljihunka? A'a.

Inda rigimar take shi ne wajen tura ma juna aiki. Shapefile, irin fayil ɗin taswira da kowa ya saba da shi, ba fayil ɗaya ba ne, akwai .shp da .shx da .dbf da .prj, kamar tuwo ne da miya da man shanu, sai ka ga yaro ya tura .shp kaɗai ta WhatsApp ya kashe waya ya kwanta, abokin aikinshi ya kwana yana faman buɗewa abu ya ƙi. Ga shi sunan layin bayani ba ya wuce harafi 10, ka rubuta yawan_mutane ya yanke shi ya koma yawan_muta, kuma girman fayil ɗin ba ya wuce 2 GB. GeoPackage da ya fito a 2014 fayil ɗaya ne tak, hanyoyi da unguwanni da rijiyoyi duk a ciki, ni shi na zaɓa. KMZ kuma na nuna ma malami ne a Google Earth, shi ke nan.

Sannan don Allah tun ranar farko rukuninku ku daidaita a kan tsarin da ke nuna inda taswira take a doron ƙasa, wato UTM 32N, lambarshi 32632, nan Maradi take. Yamai tana 31N, in wani ya kwafo saitin can ya liƙa ma aikinku sai ku ga unguwannin Zariya da Ali Dan Sofo sun tashi sun yi tafiyar fiye da kilomita 600, sun koma yamma da Yamai. Masu AutoCAD ma ku kula, zanen DWG, fayil ɗin da AutoCAD ke fitarwa, sau da yawa bai san inda yake a doron ƙasa ba.

To ina za a ajiye? Kile na da arha amma yana ɓata, yana yawo hannu hannu yana kwasar cuta. Google Drive na ba da 15 GB kyauta, ya isa ajiyar GeoPackage da rahoto, sai dai hotunan tauraron ɗan adam za su cinye maka mega kafin su gama hawa, balle in wuta ta ɗauke rabin hanya. Saba, wato babbar kwamfutar da ake ajiye bayanai a kanta, mai PostGIS (ma'ajiyar bayanan taswira) ta fi duka don mutum goma za su iya aiki lokaci guda, amma wannan sayayyar makaranta ce, tana son mai kula da ita da batir ko sola.

Abun da zan ce ku haɗa kuɗi ku saya shi ne diski na waje guda, SSD in da hali don ya fi jure faɗuwa da jijjigar kabu-kabu. Mutum ɗaya ya riƙe shi, ya sauke taswirar Nijar ta OpenStreetMap (taswirar duniya ta kyauta) daga shafin Geofabrik sau ɗaya, da hotunan tauraron ɗan adam na Sentinel-2, kowa ya kwafa. Su Sentinel ɗin kowane ɗigo mita 10 ne, za ku ga inda ruwan Gulbi ke malala da damina sarai, amma kar ku ce za ku zana katangar gida da su, wannan sai kun fita da QField, lojisiyel ɗin waya mai aiki da QGIS, kun ɗauko da ƙafarku. Duk Juma'a kuma a ɗora kofi a Drive, da kwanan wata a jikin sunan fayil ɗin.