Makarantar koyon tuƙin da na shiga a Katsina: malamin ya iya, sauran sai haƙuri

Sati huɗu na yi a wata makarantar koyon tuƙi a nan cikin gari, ba zan kama suna ba. Na gaji ne da roƙon ƙanena ya kai ni Daura gaida Hajiya, ga mota a ƙofar gida tana shan ƙura.

Satin farko haushi kawai na ƙunsa. Tsohuwar Golf ce mai giya, a wani fili ta hanyar Dutsin-ma, kullum tashi, tsaya, tashi, tsaya. Na ce masa, "Malam, ni fa bidiyon da na kalla a YouTube ya fi ashirin." Ya ce, "Alhaji, idonka ne ya kalla, ƙafarka ba ta gani ba."

Rana ta tara ya fito da ni titi bayan la'asar, muka shiga gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura. Tun da aka buɗe ta a 2023 nake wucewa ana tuƙa ni, ban taɓa lura wurin fita yana da hawa haka ba. Wani mai Napep ya ci birki a gabana, ni ma na taka, mota ta mutu, ta fara zamewa baya. Hon ta ko'ina! Wani ɗan acaba har da leƙowa yana cewa, "Baba, a gida ake koyo." Na roƙi malam ya karɓa, ya harɗe hannu abinsa. "Ja birkin hannu. Tayar. Saki kuloci a hankali har ka ji ta yi rawa, sannan totur." Sau biyu tana mutuwa. A na uku, wallahi ban yi tunanin komai ba, ƙafar da kanta ta sami wurin nan da ya yi ta sa ni nema a fili, muka haye. Rigata ta jiƙe sharkaf. Sai da muka wuce ya nuna mini ƙafarsa na kan nasa birkin tun farko.

Don wannan kaɗai na yafe masa satin farko.

Amma mu huɗu ake cusawa a mota ɗaya, awa ɗayan da aka yi alkawari ta koma minti sha biyar ga kowa, saura kana baya kana kallon kuskuren wani. Sau uku ana ce mini a kawo kuɗin mai, alhali na biya komai tun farko. Ribas kuwa kwana biyu kacal aka yi mana, shi ya sa shekaranjiya na goge wa maƙwabcina dakali. Wannan kam har yanzu yana ci mini rai.

In za ku je, ku nemi dattijon mai furfura a gemu, kuma a yi maganar mai da ribas kafin ku ba da ko sisi. Daura dai na je ranar Asabar da kaina, ƙanena na gefe yana ta salati.