RETURN ko OUTPUT: wanne ya dace da jimillar kuɗi a SQL Server?

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta stored procedure (jerin umarni da ake ajiyewa a rumbun bayanai na SQL Server) da ke haɗa bashin abokin ciniki, amma manhajarka ta C# tana ba ka -1, ka kuma tambaya ko RETURN za ka riƙe ko OUTPUT, wato hanyoyi biyu da procedure ke mayar da sakamako.

Wannan -1 ɗin ba daga RETURN ya fito ba. ExecuteNonQuery, umarnin C# da ke gudanar da procedure ɗin, adadin layukan bayanai da aka taɓa yake faɗa, idan kuwa ka sa SET NOCOUNT ON, wanda ke kashe wannan ƙidayar, sai ya ba ka -1. In kana son abin da RETURN ya mayar, sai ka ƙara parameter mai ParameterDirection.ReturnValue.

To amma ko ka gyara wannan, RETURN bai dace da kuɗi ba. Lamba cikakkiya kawai yake ɗauka, wato int. Ka ba shi decimal na 1500.75, 1500 zai miƙo maka, kwabban sun tafi ba tare da ko gargaɗi ba. Wannan ne ya fi damuna, domin sai ranar da lissafin wata ya ƙi daidaita za a gane. Bai kuma wuce 2,147,483,647. In ka mayar da NULL, 0 za ka samu, haka ma in ba ka rubuta RETURN ba sam. Shi ya sa aka saba barinsa ga alama: 0 aiki ya yi, wata lamba an samu matsala.

OUTPUT kuwa yana ɗaukar decimal, rubutu ko kwanan wata, kuma za ka iya sa guda nawa kake so. Tarkonsa biyu ne. Dole kalmar OUTPUT ta bayyana a inda ka ƙirƙiri procedure da kuma inda ka kira shi; ka manta ta a wajen kira, ba kuskuren da zai fito, sai dai ka ga NULL. Sannan in kana karanta layuka da SqlDataReader, mai karanto sakamako a C#, ƙimar OUTPUT ba ta zuwa sai ka rufe shi.

Kafin ka koma C#, gwada a SSMS (SQL Server Management Studio, manhajar gudanar da umarnin SQL):

DECLARE @r int, @jimilla decimal(18,2);
EXEC @r = dbo.LissafinBashi 7, @jimilla OUTPUT;
SELECT @r, @jimilla;

Idan a nan lambobin sun fito daidai, matsalar tana ɓangaren manhaja. Ni dai jimillar a OUTPUT zan sa ta, a C# kuma zan ba parameter ɗin Precision 18 (yawan lambobi gaba ɗaya) da Scale 2 (lambobin bayan ɗigo), kada kwabban su sake ɓacewa a can.