KoboToolbox a hannun mai binciken fasahar koyarwa

Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri na biyu a kan yadda malamai ke amfani da kwamfuta a aji ya san wahalar takardun tambayoyi: a buga da tsada, a raba, wasu su salwanta, sauran kuma a kwana ana kwafe amsoshinsu. Wannan nauyi ne KoboToolbox, manhajar tattara bayanan bincike ta waya da kwamfuta, ke saukewa. Phuong Pham da Patrick Vinck suka assasa ta a 2005, ta bunƙasa a cibiyar ayyukan jinƙai ta Jami'ar Harvard da ke Amurka domin tattara bayanai a yankunan rikici, shi ya sa take aiki ko babu intanet.

A kwamfuta ake tsara tambayoyin, sannan a sauke su cikin manhajar KoboCollect a wayar Android. Mai bincike zai shiga makarantar ƙauyen da ba sabis, ya cike fom ɗinsa, sai ya dawo gari ya tura. Fom guda yana ɗaukar Hausa da Turanci, kuma idan malami ya ce bai taɓa kunna majigi ba, tambayoyin majigi ba za su bayyana ba.

A ganina, babban amfaninta shi ne hoto, murya, wuri da lokaci da take haɗawa da kowace amsa idan an saka su a fom. Malamai, saboda kara, sukan faɗi abin da suke jin baƙo yana son ji. Wani zai ce kullum yana koyarwa da kwamfuta, alhali ɗakin kwamfutar na garƙame da kwaɗo, ƙura ta lulluɓe madannai. Hoto guda ya isa ya warware wannan. Lokacin farawa da gamawa kuma kan tona asirin mataimakin da ya zauna gindin bishiya ya cike fom ashirin cikin rabin sa'a. Sai dai ɗaukar hoton yara ko muryar malami na buƙatar izini tukuna.

Rauninta yana wajen nazari, domin jadawalin da take fitarwa na sama-sama ne. Wanda ke son kwatanta sakamakon aji biyu dole ya kwashe bayanansa zuwa Excel ko SPSS, manhajar nazarin alƙaluma. Masu iPhone ba su da manhajar KoboCollect, sai su cike ta shafin intanet. Tsarin kyauta yana karɓar amsa 5,000 a wata, adadin da ya wadaci kundin ɗalibi har da rara.