Tunikata a Ajin Bayoloji: Babba ko Ƙarami?

Malamin bayoloji a Katsina, nesa da teku, samfuri biyu yake iya samu na tunikata, wata dabbar teku: babba cikin kwalbar fomalin (ruwan adana samfuri), ko jaririnsa a gilashin maikuroskof.

Babban kamar buhu yake, manne da dutse, mai baki biyu: ruwa ya shiga ta ɗaya, ya tace ta ramukan maƙogwaro, ya fita ta ɗayan. Rigarsa akwai selulos a cikinta, abin da aka saba gani a tsirrai. Matsalarsa, in ba a sassauta shi da mentol kafin fomalin ba, sai ya takure, bakunan su rufe, ɗalibi ya ga dunƙule kawai.

Jaririn, mai siffar talibambam, tsawonsa kusan milimita 1, shi ya fi dacewa da aji. Yana da wutsiya, da notokod (sandar da ke tallafe wutsiyar; a jinsin Ciona ƙwayoyi 40 ne), da igiyar jijiya ta saman baya, da ɗigon ido ɗaya. Ba ya cin abinci. Bayan ɗan iyo yakan manne wa dutse ta wajen kai, wutsiya da notokod su narke. Ta jaririn ne Kowalevsky, masanin kimiyya ɗan Rasha, ya gano dangantakar tunikata da masu ƙashin baya a 1866. A rage hasken maikuroskof, don haske mai yawa yana ɓatar da notokod ɗin.