Wata bakwai da ɗan agogon DS3231 a gonar kajin yayana

Salam 'yan uwa. Tun watan Oktoba na sa wannan ɗan agogon mai batir da ake haɗa wa ƙaramar kwamfuta dan ta riƙe lokaci, amma nace ba zan ce komai a kansa ba sai ya sha sanyin hunturu ya kuma sha zafin Afrilu na Kaduna, toh yanzu ya sha duka biyun.

Gonar yayana tana hanyar Kachia, ɗakin kaji biyu ne da ɗakin janareta, kowanne na sa masa ƙaramar kwamfuta da sensa tana rubuta zafin ɗaki da lokacin da fanka ko janareta ya tsaya. Netwok a wajen sai a hankali, dan haka kowace na'ura tana ajiye bayananta ne sai ta samu sabis ta tura wa saba, wato babbar kwamfutar da ke tattara bayanan. Bazarar bara kaji suka mutu mana da rana tsaka, Yaya ya kira ni yace ƙanena duba min, janareta ne ya fara mutuwa ko yaron nan mai kula da kajin ne ya kashe fanka ya tafi yawonsa? Na buɗe bayanan wallahi na kasa bashi amsa, ɗaya na'urar tana cewa 1 ga Janairu 1970 ɗayar kuma tana baya da kusan minti arba'in. Yaron yana ta rantsuwa, ni kuma bani da abin da zan wanke shi dashi, abin ya tsaya min a rai sosai.

Dalili shine irin waɗannan ƙananan kwamfutocin da yawansu basu da agogo mai batir, wuta na ɗaukewa lokaci ya ɓace, sai sun hau intanet sun tambayi NTP, wato tsarin saita agogo ta intanet, sannan su san ƙarfe nawa. Ita kuma 1970 ɗin daga nan ne tsarin Unix, wanda irin waɗannan kwamfutocin ke bi wajen lissafin lokaci, yake fara ƙirgen sakan.

DS3231 waya huɗu kawai zaka haɗa shikenan. A cikinsa akwai ɗan kiristal mai kaɗawa sau 32,768 a sakan ɗaya, sannan yana auna zafi da kansa yana gyara kaɗawar, wannan shine ya bambanta shi da na gama-gari da ke iya zamewa kusan sakan biyu a rana. A takardar masu ƙera shi, tsakanin digiri 0 zuwa 40 kuskurensa bai wuce wajen minti ɗaya a shekara ba. Na gwada, na hana ɗaya hawa intanet wata biyu cur a ƙarƙashin kwano, da na duba sakan shida kawai ya zame. Gaskiya ya burge ni.

Inda zan ja kunnenku, allunan nan masu araha suna zuwa da hanyar cajin batir, in ka sa batirin CR2032 wanda ba na caji bane zai iya kumbura, nawa ɗaya ya kumbura kafin in gane. Ko ka cire ɗan resistan cajin ko ka nemi batirin LIR2032 mai caji. Kuma cikin biyar da na saya ɗaya yana gudu fiye da kima, ina zargin jabu ne. Sannan ku saita komai a UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, agogon Najeriya yana gaba da awa ɗaya, in ka gauraya su ka shiga uku.

Amma fa agogon kaɗai bai amsa tambayar Yaya ba, tunda tsakanin mutuwar janareta da tsayawar fanka sakan ɗaya ne ko biyu, su kuma agogunan ko sunyi kyau yaya sai an samu 'yar tazara a tsakaninsu. Shi kansa NTP yana ɗauka ne lokacin tafiyar saƙo da na dawowarsa daidai suke, a datar waya kuwa ba kullum haka take ba. Sai na ƙara abu biyu. Duk sanda na'ura zata tura bayani tana faɗin ƙarfe nawa ne a agogonta yanzu, saba ya cire daga nashi ya san tazarar ya gyara duk abin da ta tara. Na biyun dabarar masanin kwamfuta Leslie Lamport ce ta 1978, kowace na'ura tana riƙe da lamba tana ƙara ɗaya a duk abin da ta rubuta, in ta aika wa 'yar uwarta saƙo ta wayifai sai ta liƙa lambar, mai karɓa ta ɗauki wadda tafi girma tsakanin tata da wadda tazo ta ƙara ɗaya. Lambar bata gaya maka ƙarfe nawa ba, amma in dai saƙo ya haɗa abu biyu, na farko dole lambarsa ta zama ƙarama.

Sati biyu da suka wuce abin ya sake faruwa da misalin biyu da rabi na rana, Allah ya tsare ba'a rasa ko kaza ɗaya ba. Na buɗe, janareta ya tsaya a lamba 4,812, saƙonsa ya isa ɗaki na biyu, fanka ta gama tsayawa a 4,814. Na tura wa Yaya hoton, shi da kansa ya kira yaron ya nuna masa, washegari aka kira makaniki ya duba janaretan.