Jikan Brian Boru ko jikar Kenneth MacAlpin: salsalar wa ta fi hujja?

Malam, ka ce a wurin aikinka a Glasgow akwai wani mai sunan dangi O'Brien da ke cewa shi tsatson Brian Boru ne, sarkin Ailan, akwai kuma wata da ke cewa salsalarta ta kai ga Kenneth MacAlpin, sarkin Sikotlan, kana tambayar wa za ka gaskata.

Ta fuskar jini, da wuya a ƙaryata ko ɗaya. Iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, haka har hawa 30, kimanin shekara 900 ke nan, lissafin ya zarce biliyan ɗaya, alhali mutanen duniya a lokacin ba su kai haka ba. Ashe kakannin maimaituwa suke yi, kuma sarkin da zuriyarsa ta yaɗu yana cikin kakannin kusan kowa a yankinsa. Abin da ake gardama a kai shi ne hujja, suna bayan suna. A nan ƙasashen biyu suka bambanta, domin kowace da inda igiyarta ke tsinkewa.

Ailan ta fi ƙarfi a saman salsala, wato wajen kakannin farko. Tana da gidajen malamai da suka gaji aikin tsare nasaba, abin da suka bari kuma yana da yawa: kundin Rawlinson B 502 na wajen 1130 da ke Oxford, Littafin Leinster na ƙarni na 12 da ke Dublin, da babban littafin nasaba da Dubhaltach Mac Fhirbhisigh ya fara haɗawa a Galway a 1649. Sai dai waɗannan malamai sarakuna suke yi wa aiki. Dubi gidan Brian kansa, Dál gCais. Masana tarihi na ganin ƙaramar ƙabila ce daga cikin Déisi, mutanen da ke ƙarƙashin wasu sarakuna, sai a ƙarni na 10 ta yi ƙarfi. Da mulki ya zo hannunta, aka samo mata kaka mai suna Cormac Cas, aka ce ƙanen Eógan ne, kakan tsofaffin sarakunan Munster, don a ce da ma suna da gadon sarauta. Daga can sama kuma kowace salsala sai ta bi ta Míl na Sifen, kakan 'yan Ailan a almara, ta kai Annabi Nuhu da Annabi Adamu. Wanda ya san yadda tarihin Hausa Bakwai ke komawa ga Bayajidda ba zai yi mamaki ba.

Daga Brian zuwa ƙasa labarin ya fi tsabta. An kashe shi a yaƙin Clontarf a 1014, jikokinsa suka ɗauki sunan Ua Briain, wanda ya zama O'Brien. Layin shugabannin gidan sananne ne, har zuwa Murrough O'Brien da ya miƙa wuya ga Sarki Henry na 8 a 1543 aka ba shi sarautar Thomond da Inchiquin. Amma abokin aikinka sai ya haɗa kakansa manomi da wannan layi, kuma nan ne ramin. Rajistar haihuwa ta gwamnati ba ta fara ba sai 1864. Yawancin rajistocin cocin Katolika na karkara ƙarni na 19 suka soma. A watan Yunin 1922, farkon yaƙin basasa, ma'adanar takardun ƙasa da ke Four Courts a Dublin ta ƙone, ƙidayar 1821 zuwa 1851 ta tafi in ban da 'yan guntaye, haka ma tarin wasiyyoyi. Talakan Ailan yakan kai wajen 1800 a takarda, daga nan sai bango.

Abin da ke rufa masa asiri shi ne gwajin DNA na layin uba, wanda ɗa namiji ke gada daga mahaifinsa kamar yadda yake gadon suna. A 2006 masu bincike a Trinity College Dublin sun ga alama ɗaya a jikin kimanin kashi 21 cikin ɗari na mazan arewa maso yammacin Ailan, mafi yawa a masu sunayen da ake dangantawa da Niall Noígíallach, wani sarkin Ailan na dā, irin su O'Donnell da Gallagher. Dál gCais ma suna da tasu alamar, L226. In O'Brien ɗinka yana da ita, to ɗan gida ne. Amma gwajin ba ya kiran suna. Ba zai ce daga Brian ya fito ko daga ɗan baffansa ba.

Sikotlan akasin haka take. Samanta duhu ne. Kenneth ya mutu a 858, kuma dangantakar mahaifinsa Alpin da Fergus Mór, kakan sarakunan tsohuwar masarautar Dál Riata, abu ne da masana da yawa ke shakka. Tsofaffin takardun ma sun sha wahala: Edward na 1 na Ingila ya kwashe wasu a 1296, sojojin Cromwell, wanda ya mulki Ingila bayan an kawar da sarauta, suka kwashe wasu, kuma da ana mayar da su ta teku bayan dawowar sarauta jirgi ɗaya ya nutse da kayansa.

Gwajin layin uba kuma ba zai taimaki baiwar Allahn nan ba, ko da ɗan'uwanta namiji aka gwada, don sarautar ta mata ta yi ta ratsawa. Bethóc, 'yar Malcolm na 2 na zuriyar Kenneth, ita ta haifi Duncan na 1, wanda Macbeth ya kashe a 1040. Daga baya Marjorie, 'yar Robert Bruce, ta haifi Robert na 2, sarkin farko na gidan Stewart a 1371. Shi kuwa Allah ya ba shi 'ya'ya sama da 20, suka bazu cikin gidajen manya, daga nan zuwa gidajen masu filaye, daga nan zuwa limaman coci da 'yan kasuwa.

A Sikotlan tsakiyar salsalar ce ke da kyau. Rajistar gwamnati ta fara a 1855, rajistar coci mafi tsufa ta Errol ce daga 1553, rajistar mallakar fili ta ƙasa tun 1617 take. Wanda ya samu kaka ɗaya daga gidan masu fili zai iya hawa daga takarda zuwa takarda har fada. Mutanen tuddan arewa da tsibirai ba su samu wannan gata ba, rajistocinsu sun makara ƙwarai. Sunan ƙabila ma ba hujja ba ne, don talakawa kan ɗauki sunan shugaban da ke ba su kariya. MacGregor na taƙama da cewa jinin Alpin ne, amma babu takardar zamanin da ta nuna haka.

Ko hukuma tana ruɗuwa. Ofishin nasaba na Ailan ya amince da wani a matsayin shugaban gidan MacCarthy a 1992, ya janye a 1999 da aka gano salsalar ƙirƙira ce, a 2003 kuma ya daina wannan amincewa ɗungurungum.

In ka matsa mini, ita ta fi damar kafa hujja a takarda, shi ya fi damar kafa ta a jini. Ita ka tambaye ta wane gidan masu fili ta shiga, da wace wasiyya ko takardar fili. Shi ka tambaye shi ko ya yi gwajin layin uba, da sunan ƙauyen kakansa na ƙarshe da aka samu a rubuce. In amsar kowannensu bishiyar dangi ce da ya kwafo a intanet, ka duba shekarun 1600 zuwa 1800, can za ka tarar da uwar da ta haihu tana da shekara 70.