Gawar tsumma ko gawar kwamfuta: wacce ta fi a ƙaramin fim?

Wani ɗan'uwa ya tambaya: a finafinan ban tsoro na gawar Masar mai tashi daga kabari, waɗanda aka yi da kuɗi kaɗan, me ya sa wasu ke tayar da tsigar jiki, wasu kuma sai ban dariya? Ɗan'uwa, yawanci bambancin yana wajen gawar ne, ko mutum aka naɗe da tsumma, ko kwamfuta ce ta zana ta.

Gawar tsumma ita ce rufin asirin mai ƙaramin jari. Ana samo yadin auduga a yayyage shi da hannu, domin almakashi yana barin baki sumul kamar sabo. A jiƙa shi cikin shayi mai kauri ko kofi, a shanya, sannan a ɗinke shi a kan riga mai kama jiki, zif a baya, a rufe zif ɗin da wani tsumman. Fuska kuwa ruwan roba da takarda mai laushi ake jerawa, a bar kowane shafi ya bushe kafin a ɗora na gaba, a ƙarshe a barbaɗa ƙura. Launin ƙasa-ƙasa ake nema, don gawarwakin gaske, a tsohuwar Masar, kwana 70 ake yi ana shirya su da kanwa da ƙaro, kuma shekaru sun daɗe da rine lilin ɗinsu. Duk fim ɗin da ka ga farin bandejin asibiti a jikin gawarsa, to an yi ganganci.

Ribar wannan hanya, gawar tana da nauyi. Ƙafarta na taka ƙasa, inuwarta ta gaske ce, idan ta shaƙe mutum ana ganin yatsu a wuya. Matsalarta zafi. Fitilu suna sa ɗan wasa gumi, gumin ya ɗaga robar daga gefen baki da ido, tsumman gwiwa da gwiwar hannu ya zame. Maganinsa haske daga gefe guda da taƙaita nuna ta. A fim ɗin The Mummy na 1932 na kamfanin finafinai na Universal, mai kwalliya Jack Pierce ya kwashe kusan awa 8 yana yi wa ɗan wasa Boris Karloff kwalliya, amma gawar a naɗe 'yan mintoci aka nuna ta: ido na buɗewa a hankali, hannu na motsi, sai jelar tsumma tana jan ƙasa ta bakin ƙofa.

Gawar kwamfuta tana yin abin da mutum ba zai iya ba, kamar rami a ƙirji ko jiki ya narke ya koma yashi. Sai dai tana cin kuɗi. Fim ɗin The Mummy na 1999 da kamfanin ILM mai zanen kwamfuta na finafinai ya yi wa wannan aiki ya laƙume kusan dalar Amurka miliyan 80. Daƙiƙa guda hoto 24 ce, wato daƙiƙa 10 hoto 240 ke nan, kowanne sai an daidaita haskensa da na wurin. In kuɗi ya gaza, ƙafa takan yi kamar tana sulɓi, inuwa ta ɓace, tsumma ya ƙi kaɗawa. Ido ba ya yafe wannan, alhali yakan yafe ɗinki mara kyau a cikin duhu.

Akwai ciwon da duka biyun ke fama da shi. Bangon kabari na soso ne, wani lokaci har girgiza yake idan an jingina. Labarin ma kusan ɗaya ne tun bayan da masanin kayan tarihi Howard Carter ya gano kabarin Tutankamun, wani sarkin tsohuwar Masar, a 1922: an buɗe, tsinuwa ta bi. Ga gawa mai jan ƙafa, wadda ko yaro zai tsere mata, shi ya sa darakta mai wayo yake kulle mutanensa a lungu mai ƙofa ɗaya.

Da ƙaramin kuɗi, mu dai tsumma muka zaɓa. A bar wa kwamfuta goge zif da ƙara ƙura, ragowar kuɗin a zuba a sauti: jan ƙafa, numfashi busasshe, da ƙarar murfin dutse.